Daga Takoma Zuwa Hood Canal: Abin da Jan-Haɓa Yake Ci

Kwas ne ya kai ni birnin Siyatil, a jihar Washinton da ke kusurwar arewa maso yammacin Amurka, gab da iyakar Kanada. Na isa cikin yayyafin watan Maris, ban baro ba sai da ganyen itatuwa ya fara ja. A Takoma, birnin da ke kudu da Siyatil, na sauka, gidan wani yayana da ya daɗe yana aiki a can, kuma shi ya jefa ni cikin sha'anin fatsa. Duk Asabar ɗin Allah, in ba aiki ne ya riƙe shi ba, yana sallame sallar asuba zai cusa sanduna a bayan mota. Matarsa ta ce ta yi magana har ta gaji, don ita ba ta taɓa ganin masuncin da kullum yana bakin ruwa amma ko kan kifi bai taɓa kawowa gida ba.

Doka ce ta jawo haka. Kifin da yake bi, mutanen can suna kiransa cutthroat, mu kuwa a gidan jan-haɓa muke ce masa, saboda jan zane biyu da ke ƙarƙashin muƙamuƙinsa. Tun ƙarshen shekarun 1990 hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar ta hana a ɗauke shi daga ruwan gishiri: ka kama, ka zare ƙugiya, ka sake shi. Kafin nan yawansa ya ja baya sosai, saboda yawan kamu da lalacewar ƙananan rafukan da yake zuba ƙwai a ciki. Dangin salmon ne, babban kifin nan da ke girma a teku ya hau rafi zubin ƙwai, amma shi ƙarami ne. Yawancinsu santimita 30 zuwa 40 ne, wanda ya kama mai 50 kuwa sai ya shekara yana ba da labari. Ana samunsa tun daga kogin Eel a arewacin Kalifoniya har kudancin Alaska. A rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya yi shekara biyu ko uku, sannan ya gangara teku. Sai dai ba ya yin nisan kiwo irin na salmon, wanda kan yi dubban kilomita cikin tekun Fasifik. Shi ɗan gaɓa ne, yana bin gefe-gefe cikin ruwan da sau da yawa bai fi tsayin mutum zurfi ba, shi ya sa mai tsaye a bakin teku yake iya kai masa. Kuma ba ya mutuwa bayan ya yi ƙwai. Yana komawa teku ya murmure, wata shekarar ya sake hawa rafi.

Puget Sound, inda duk wannan yake faruwa, wani hannun teku ne da ya kutso cikin ƙasa ya yi rassa, tsibirai da lunguna ba iyaka. Kyaftin George Vancouver na sojan ruwan Ingila ne ya laƙaba masa sunan wani hafsansa, Peter Puget, a 1792, amma kafin zuwansa ƙabilun wurin, irin su Puyallup da Suquamish da Skokomish, sun yi dubban shekaru suna su a cikinsa. Sau biyu a yini tekun yake kawowa, sau biyu yake janyewa, tazarar takan wuce mita uku a Siyatil, ta haura huɗu a can ƙuryar kudu wajen birnin Olimfiya. Inda ka tsaya da safe ƙafarka a bushe, da hantsi ruwa ya shanye kanka. Saboda haka jadawalin teku a manne yake a jikin firijin Yaya, kusa da na lokutan salla, kuma a daren Juma'a duka biyun yake dubawa.

Fatsar da yake yi ba irin ta tana ba ce. Abin da ake ɗaurawa a bakin zare ƙugiya ce da aka yi wa sutura da gashin tsuntsu, da gashin dabba, da zare mai ƙyalli, har ta yi kama da wani abu mai rai. Ma'abota abin ƙuda suke ce mata ko da ɗan kifi aka kwaikwaya. Ƙudan ba shi da nauyin da za a wurga shi, don haka zaren ne mai kauri da nauyi, shi ake kaɗawa gaba da baya a iska har ya miƙe ya kai ƙudan mita 15 ko 20. Daga nan sai ka riƙa janyo zaren da hannu, kana tara shi cikin wani kwandon roba da ke ɗaure a ƙugunka don kada ya sarƙe a duwatsu. Janyowar nan ce take sa wa ƙudan rai. Sandar Yaya mai ƙafa tara ce, lamba shida a ma'aunin nauyin zare, wadda ke iya ja da iskar bakin teku.

Fitarmu ta farko cikin Afrilu ce. Muka haye gadar Narrows, inda gadar farko ta ruguje cikin iska a watan Nuwamban 1940, wata huɗu kacal da buɗe ta. Muka bi hanya mai lamba 16, muka wuce Gig Harbor, muka sauka a Purdy. A nan akwai wani dogon harshen tsakuwa da ya kusa toshe bakin tafkin Burley, in teku ya fara janyewa sai ruwan tafkin ya riƙa kwararowa ta ƙarƙashin gada kamar kogi. Na gama sa dogon wandon roba na nufi ruwa, Yaya ya riƙo hannuna.

"Tsaya tukuna, ƙanena. Kifi na ganinka mai jar koma. Ruwan nan garau yake, kuma rabin waɗanda muke nema suna nan inda kake shirin taka ƙafa."

Ya ce in bar sandar a kafaɗa, mu bi gefen ruwan a hankali, idona a ƙasa. Da farko tsakuwa kawai nake gani. Can sai tsakuwar ta motsa. Ashe wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye ne, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, garke-garke, suna bin gaɓa cikin ruwan da bai wuce idon sawu ba. 'Ya'yan salmon ne nau'in chum. Iyayensu sukan hau rafuka tsakanin Oktoba da Disamba su zuba ƙwai su mutu, 'ya'yan kuwa da sun fito daga cikin tsakuwa ba sa zama, teku suke nufa, daga wajen Maris har Mayu. Daidai lokacin ne kuma jan-haɓa yake saukowa daga nasa zubin ƙwan, a rame, da yunwa. A shekarun da lambarsu take rabuwa biyu daidai, 'ya'yan salmon nau'in pink sukan ƙaru a kan na chum, domin iyayensu a shekarun mara suke dawowa Puget Sound. A waɗannan makonni kifin ba ya kallon komai sai su.

Sai a lokacin Yaya ya buɗe akwati. Ya zaro wani ɗan ƙuda da ake kira Chum Baby, ƙirƙirar Bob Triggs, wani jagoran masu fatsa na yankin Port Townsend: jiki na zare mai ƙyalli, fiffike na gashin wutsiyar kurege, 'yan silin gashin ɗawisu a sama, da ɗan ƙwallon ƙarfe a ka. A busasshen hannu ba ya kama da komai. Ya tsoma shi a ruwa ya ja, sai gashin ya kwanta ya zama siririn abu mai duhun baya da hasken ciki, sak waɗancan da ke gudu gaban ƙafafunmu. Yana da shi tsawo uku a akwatin. Ya ce 'ya'yan chum sukan iso teku da kamar santimita uku zuwa huɗu, kafin ƙarshen Mayu sun kusa ninkawa, don haka ƙudan da ya ci kasuwa a Maris, in ka ɗaura shi a Mayu ya yi ƙanƙanta. A wurinsa tsawo ne farko, sai sirantaka, launi shi ne na ƙarshe. Na yi ta gwada wannan magana har ƙarshen zamana, ban ga inda ta faɗi ba.

Kusa da mu akwai wani dattijo Bature a zaune kan gungume, ya ciro sabon ƙuda daga leda yana fizge masa gashi da filaya. Na matsa na gaishe shi, na tambaye shi ko lalacewa ya yi. Ya yi dariya, ya ce na kanti ne, kuma masu kanti suna cika wa ƙuda gashi don ya yi kyau a idon mai saye. Ɗan kifin gaske haske yana ratsa shi. In ka cika gashi sai ya zama dunƙule, kifi ya biyo shi har gabanka ya juya. Sai da ya rage kusan rabi sannan ya ɗaura.

Ba a jima ba ruwa ya ɓalle a gefen damanmu, 'yan kifayen suka watse sama kamar an watsa tsaba. Yaya bai jefa cikin tsakiyar garken ba, ya jefa gefe, inda ƙudansa zai zama ɗan da ya ware. Janyowa biyu, a ta uku zaren ya miƙe. Kifin ya yi tsalle, ya ja, ya sake tsalle, ƙarfinsa ya fi girmansa nesa ba kusa ba. Da ya zo hannu sai na ga fari ne sol kamar azurfa, baƙaƙen ɗigo tun daga kai har wutsiya, fikafikansa da ɗan rawaya-rawaya. Jan zanen haɓar ya koɗe, sai ka duba da kyau, haka yake yi in ya daɗe a ruwan gishiri. Yaya bai fid da shi daga ruwa ba. Ya jiƙa hannu, ya murɗa ƙugiyar ta fita salin-alin, kifin ya yi wuf ya ɓace.

Fitar ƙugiyar cikin sauƙi ba sa'a ba ce. A ruwan Puget Sound doka ta hana ƙugiya mai ƙaya, wato ɗan kunnen nan da ke hana ta zamewa, don haka kowane ƙuda sai an matse ƙayarsa da filaya kafin ya taɓa ruwa. Girman ƙugiyar ma abin lura ne, ko da doka ba ta yi magana a kai ba. Lambobinta a juye suke, lamba na hawa ƙugiya na ƙanƙancewa, kuma masu bin jan-haɓa sun fi tsayawa a 6 da 8, wani lokaci 10. Babbar ƙugiya irin ta salmon, in ta shiga bakin kifi mai santimita 25, tana iya ɓullowa ta ido. Sakin irin wannan kifi sunan saki ne kawai.

Da Mayu ya kama sai muka fara yin nisa, zuwa Hood Canal. Duk da sunansa ba mutum ne ya haƙa shi ba, ƙanƙarar zamanin da ce ta sassaƙe shi, dogon lungun teku mai fiye da kilomita 100, da lanƙwasa a ƙarshensa. Daga Belfair hanya mai lamba 106 tana bin gefensa na kudu, ta wuce gandun Twanoh, ta kai ƙasar ƙabilar Skokomish, daga nan ka hau 101 ka miƙe arewa, duwatsun Olympic masu farin rawani a hagunka, koguna suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya: Hamma Hamma, Duckabush, Dosewallips. Kyan hanyar ba a magana. Abin da ya ba ni haushi shi ne yawan allunan da ke cewa kada a shiga. Jihar Washinton ta yi shekaru tana sayar wa mutane bakin teku, har ƙasar da ruwa ke rufewa ya buɗe, ba ta daina ba sai a 1971. Sai ka hango gaɓa mai kyau, ga tsakuwa ga gudun ruwa, amma ta wani ce. Dole ka nemi gandun gwamnati, ka kuma rataya takardar izinin ajiye mota a gilashi, ban da lasisin kamun kifi da ke aljihunka.

Gaɓar da ake so an san ta. Yashi zalla ko taɓo ba su da amfani sosai. Ana neman tsakuwa manya da ƙanana, da ɓawon kawa (wata halittar teku mai ɓawo biyu masu kaifi), da ciyawar ruwa nan da can, da ɗan rafi da ke shigowa kusa, sannan uwa uba ruwa mai tafiya, kamar saurin mai tafiya a ƙasa. In teku ya cika ya tsaya cik, ko ya janye ya tsaya, sai ka zauna ka sha shayi, don ba abin da zai faru. Hood Canal kuwa gidan kawa ne, wasu wuraren ƙasar gaba ɗaya ɓawo ce, tana cin takalmi tana yanke zare.

A irin wannan ƙasa Yaya yakan ɗaga dutse ya duba. Ƙarƙashin kusan kowanne akwai wani ɗan kifi mai ƙaton kai da siririyar wutsiya, launin ƙasa, wanda ake kira sculpin, yana kwance sai an taɓa shi ya yi tsalle ɗaya ya sake lafewa. Wannan abincin jan-haɓa ne na kowane wata. Ƙudan da aka yi dominsa tun asali shi ne Muddler Minnow, wanda Don Gapen ya ƙirƙira a shekarun 1930 saboda kogin Nipigon na Kanada, kansa na gashin barewa ne da aka murɗa aka aske. Mutanen lardin British Columbia na Kanada suka rage masa ƙiba, Tom Murray ya fitar da Rolled Muddler: ɗan kai siriri, fiffike na gashin agwagwar daji a naɗe, jiki na azurfa, da jan zare da ke leƙowa ta wuya. Wannan na biyun ya fi shiga raina a duk akwatin, don yana iya zama sculpin, yana iya zama ɗan chum, yana iya zama kowane ƙaramin kifi da ya ɓata hanya. Ranar da ka duba ruwa ba ka ga komai ba, da shi za ka fara.

Yaya bai yarda da ni ba a nan. Shi mutumin Clouser Minnow ne, wanda Bob Clouser ya ƙirƙira a jihar Fensilbeniya a shekarun 1980 saboda wani kifi daban na kogin Susquehanna, ya kuma zagaye duniya. Gashin wutsiyar barewa ne launi biyu, da idanun ƙarfe masu nauyi da aka ɗaure ta yadda ƙugiyar take tafiya bakinta yana kallon sama. Amfanin haka biyu ne: ba ta yawan kama ɓawon kawa, kuma duk tsayawar da ka yi sai kan ya nutse, ka ja ya ɗago, kamar kifin da ya ji rauni. Daga ƙarshen Mayu, in 'ya'yan chum sun yi gaba, abincin yakan koma 'ya'yan wani kifi mai launin azurfa da ake kira herring, da wani siririn kifi mai nutsewa cikin yashi da ake kira sand lance. Na biyun dogo ne ba faɗi, don haka Clouser mai kore-kore a sama da fari a ƙasa, santimita shida zuwa takwas, gashi kaɗan, shi ne daidai. Yana kuma ajiye mai ruwan hoda da fari, da mai tsanwa shar da fari, waɗanda ba su yi kama da wani kifi da na gani a ruwan ba, amma ana cinsu, musamman in gari ya yi duhu ko ruwa ya ɗan gurɓace. Aibin Clouser ɗaya ne: in iska ta juya, idanun ƙarfen nan suka same ka a ƙeya, sai ka yi salati. Hula da tabarau wajibi ne.

Wani abin da na lura da shi a Hood Canal ya rage mini ɗokin akwati gaba ɗaya. Za ka ga baƙon mai fatsa ya kafe a wuri guda, yana ta sauya ƙuda, ya cire wannan ya ɗaura wancan, har ruwa ya juya. 'Yan gari kuwa jifa biyu uku, su yi taku biyar, su sake jifa. In sun share gaɓa ba motsi, su koma mota su nufi wata. Jan-haɓa ba kifi ne mai yanga ba. In yana nan, kuma abin da ka jefa ya yi kusa da girman abincinsa, zai nuna kansa ko da biyowa ne. In ya biyo kuma, kada ka rage gudu don ya cim maka. Ɗan kifin da ake kora ba ya tsayawa jiran mai korarsa, kana tsayawa zai gane, ya juya.

Yuni da Yuli suka zo da nasu. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, asuba kuwa tun wajen uku, barci ya zama abin nema. Ruwa ya cika da ganyen teku, kore, yana yawo ko'ina, kowace jifa sai ka tsaya ka share ƙugiya. A nan ne Yaya ya koma saman ruwa, da Miyawaki Beach Popper, ƙirƙirar Leland Miyawaki na Siyatil. Ɗan kai ne na soso mai tauri da ba ya nutsewa, da dogayen gashin zakara, ƙugiyar tana can baya a jikin ɗan zare. Ana jan sa a hankali yana tsaga ruwa yana barin sawu, kamar ɗan kifin da ya jikkata ya kasa nutsewa. Wata safiya a gandun Lincoln da ke yammacin Siyatil, jirgin fito yana ɗaukar motoci zuwa tsibirin Vashon a gefenmu, na ga tudun ruwa ya taso bayan popper ɗin Yaya, ya bi shi, ya kai sara ya kuskure, ya sake kaiwa ya kuskure, sai a karo na uku ya riƙe. Gaskiya kuskurensu ya fi kamunsu yawa, kuma wanda yake ƙirga kifi ba zai so wannan ƙuda ba. Amma yana nuna maka inda kifi yake, in ya ƙi riƙewa ka bi shi da Muddler ta ƙasa. Da zafi ya tsananta a Agusta, ruwan lungunan kudu da na Hood Canal ya yi ɗumi, sai Yaya ya ɗaga musu ƙafa, ya ce kifin da aka wahalar a ruwan ɗumi ba lalle ya farfaɗo ba.

Babban ɗan Yaya, wanda ke makarantar sakandare, ba ruwansa da gashin tsuntsu. Sandarsa ta wurgi ce, mai faifan naɗe zare, kuma kayansa duk ƙarfe ne a cikin wani ɗan gwangwani.

"Baffa, ku yi ta kaɗa zare a iska, ni kafin ku gama na jefa sau uku."

Kuma bai yi ƙarya ba. Ƙarfen iri biyu ne. Akwai cokali, ɗan faifan ƙarfe mai lanƙwasa da ke rangaji yana walƙiya in ana jan sa. Kastmaster mai nauyin giram bakwai yana tafiya nesa ko da iska tana gaba, launin azurfa ko azurfa da shuɗi shi ne ɗan herring. Dick Nite, wanda a jihar ake ƙera shi, siriri ne marar nauyi, sai an sa masa 'yar dalma a gaba ko a ja shi a bayan kwalekwale, amma rawarsa ta fi ta kowa. Sannan akwai mai farfela, wanda ɗan ganyen ƙarfe yake juyawa a jikin waya yana aika girgiza cikin ruwa: Rooster Tail na kamfanin Yakima Bait, shi ma ɗan jihar, da Mepps wanda asalinsa Faransa ne, da Blue Fox. Giram uku da rabi zuwa bakwai sun isa. Yaron yakan sa na azurfa in rana ta fito, na tagulla in akwai hadari, kuma yana fara naɗewa tun kafin ƙarfen ya nutse, in ba haka ba kawa ta karɓe.

Wasu masu ƙuda suna yi wa masu ƙarfe kallon raini, ni kuwa ban ga dalili ba. Ranar iska, ko a gaɓar da itatuwa suka tokare bayanka ba wurin kaɗa zare, ƙarfe ne kawai mafita, kuma ya fi sauƙin koya wa yaro. Inda ƙuda ya yi masa fintinkau shi ne lokacin 'ya'yan chum, da duk lokacin da abincin ya yi ƙanƙantar da ba a iya ƙera ƙarfe kamarsa. Matsalar ƙarfe ta gaskiya tana wutsiyarsa. Yawancinsu da ƙugiya mai baki uku ake sayar da su, wadda kan ɗinke bakin ƙaramin kifi sama da ƙasa, kafin ka cire ta ka yi masa illa. Yaya ya kafa wa ɗansa sharaɗi: duk ƙarfen da ya shigo gidan sai an cire mai baki ukun an sa guda ɗaya, an matse ƙayarta. Kuma ƙarfe ko ƙuda, duk wanda ya sha ruwan gishiri sai an ɗauraye shi da ruwan famfo an shanya, in ba haka ba mako mai zuwa tsatsa za ka tarar, ta kuma harbi na kusa da shi a akwati.

Farkon Satumba, wata yamma mai ɗumi a wata gaɓa da itatuwa suka sunkuyo kan ruwa, na ga abin da ban zata ba a Amurka. Wasu ƙwari masu jan jiki da dogayen fikafikai suna fitowa daga ruɓaɓɓun gungume, suna tashi da ƙyar, suna faɗawa ruwa. Shinge ne, irin wanda yara suke tarawa a gindin fitila bayan ruwan farko a gida, sai dai a nan kifi ne yake dandazo a kansa. Yaya ya ɗaura wani ƙuda mai jiki ruwan goro da fiffiken gashin barewa, wanda ke yawo a saman ruwa, ya jefa ya bar shi ba ja. A bakin teku, inda muka yi wata da watanni muna kwaikwayon kifi, ranar ƙwaro ne ya yi aiki.

A wannan watan ne kuma da yawa daga jan-haɓan arewacin Puget Sound suke fara shiga manyan koguna. Muka bi su zuwa Stillaguamish, wajen garin Arlington, bayan Yaya ya duba sanarwar hukuma a waya, domin ana yawan rufe kogunan nan ba zato saboda kare salmon. A kogi ɗabi'arsa daban ce. Ba ya son tsakiyar gudu, yana laɓewa a ruwa mai sanyin tafiya, gindin itacen da ya faɗi, ƙarƙashin rassa, inda kowa yake tsoron rasa ƙudansa. Ƙudajen kogin ma ba sa kwaikwayon komai. Tsohon cikinsu shi ne Knudson Spider na Al Knudson, jiki rawaya da gashin agwagwar daji mai laushi da ya lulluɓe shi. Daga baya Mike Kinney, wanda ya daɗe yana jagora a wannan kogi, ya juya gashin ya fuskanci gaba, ya kira shi Reverse Spider: ka ja, gashin ya kwanta baya, ka saki, ya buɗe. Ana yin sa da baƙi, da rawaya, da ruwan lemo, kuma ƙa'idar Yaya ita ce in kifi ya biyo launi ɗaya bai ci ba, ka sauya masa wani nan take kafin ya koma gindin itacensa. A nan kam sauya ƙuda yana da amfani, don ka san inda kifin yake kwance. Wanda na kama a ranar ya ƙi rawaya, ya ci baƙi, kuma ya riga ya fara sauya riga: jikinsa ya ja zinariya, zanen haɓarsa ja wur.

Ina haɗa kayan komowa Yaya ya riga ya baje nasa a teburin cin abinci, yana ɗaure-ɗauren hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙananan kifaye sukan yi wuya a gaɓa, jan-haɓan da bai hau rafi ba sai ya koma cin 'yan mitsi-mitsin jatan lande da ƙwarin ruwa, da tsutsotsin teku da ke fitowa daga taɓo. Na jatan landen a ƙugiya lamba 12 ko 14 yake ɗaure su, fari-fari ko ruwan hoda ko kore mai duhu, ba su fi ƙwayar shinkafa biyu ba, kuma ba a fizgarsu, ana barin ruwa ya tafi da su ana ɗan motsawa. Na tsutsar kuwa Woolly Bugger ne mai doguwar wutsiya ta gashin talo-talo, ruwan ƙasa ko ja mai duhu, a ja shi a hankali dab da ƙasa. Ya ce a watan Janairu yatsu ba sa iya ƙulla zare a bakin ruwa, don haka tun a gida yake ɗaura kowanne a nasa guntun zaren, ya yi masa hanju, a can sai dai ya sarƙafa.